Yadda gine-ginen Abuja ke nuna mulki

A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar ɗauke babban birnin Najeriya daga Legas. Cunkoso na cikin dalilan, amma siyasa ce kan gaba: ƙasar ba ta daɗe da fitowa daga yaƙin basasa ba, ana neman wuri a tsakiya wanda babu babbar ƙabilar da za ta ce nata ne. Sai ranar 12 ga Disamba, 1991 gwamnatin Babangida ta tare a Abuja.

An tara Fadar Shugaban Ƙasa, Majalisar Dokoki da Kotun Ƙoli wuri guda a gindin Dutsen Aso. Majalisar ce aka fito da ita fili, da koriyar ƙubbarta da ake hangowa daga nesa. Fadar kuwa, inda ƙarfin iko ya fi taruwa, tana ɓoye bayan katangu da shingayen tsaro, talaka ko ƙofarta ba ya gani. Babban Masallacin Ƙasa, mai ƙubba ruwan zinariya da hasumiyoyi huɗu, ba shi da nisa da Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa, don kada wani ɓangare ya ji an mayar da shi saniyar ware, ko da yake cocin bai kammalu ba sai 2005.

Sai dai ƙasar da aka gina birnin a kanta tana da masu ita. Gbagyi sun daɗe suna noma a wurin, an tashi garuruwansu da dama, kuma har yau suna kukan diyya, kuka mai hujja. Ƙananan ma'aikatan da ke share ofisoshin waɗannan gine-gine kuwa, da yawansu daga Nyanya da Mararaba suke kamo hanya tun da asuba.