Talaka a Bakin Kuntigi: Tsokaci a kan Waƙar "Karen Mota" ta Ɗan Maraya Jos

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu dubi ma'anar waƙar "Karen Mota" ta Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru cikin 1946, ya rasu a 2015.

A ganinmu, tarihin mawaƙin shi ne mabuɗin waƙar. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Bukuru ne. Da iyayensa suka rasu yana ƙarami, sarkin ya riƙe shi. Ke nan a fada ya tashi, inda aka saba wasa masu sarauta kaɗai. Amma da ya ɗauki kuntigi, mai tsirkiya ɗaya tak, sai ya karkata yabonsa ga talaka.

Karen mota dai shi ne yaron direba, mai loda kaya, mai sa waji a ƙarƙashin taya idan an tsaya a hawa. Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa a ƙasar Rano ko Kibiya ya san shi. Sunan kansa na raini ne, amma Ɗan Maraya ya ba mai sunan abin da makaɗan fada ke ba sarki, wato waƙa tasa ta kansa. Da haka ya nuna cewa gumi ma abin kirari ne, ba gado kaɗai ba.

Saboda haka muna kira ga manazarta da kada su tsaya ga waƙoƙin fada. In sun tsaya can, tarihin leburori da 'yan tasha, wanda ba kasafai ake rubuta shi ba, zai salwanta.