In Wuta Ta Ɗauke, a Fid da Tiyo Daga Kwami

Wannan jan hankali ne ga masu sauke shanu a Njamena, musamman a Gassi, unguwar nan ta bakin kogin Shari a kudu maso gabashin gari, inda wasunmu kan yada zango kafin a haye gadar Ngeli zuwa Kusuri, a miƙe Gamboru da Maiduguri.

Ruwan famfon Njamena daga rijiyoyin burtsatse yake fitowa. Injin lantarki ne ke jawo shi ya tura cikin manyan tankuna, daga nan ya gangaro cikin bututu da ƙarfi. Tun 2010 aka raba kamfanin ruwa da na wuta a Cadi, amma har yau ruwa bai rabu da wuta ba. Haka abin yake ga ƙananan rijiyoyin unguwa masu tanki a sama. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, inji ya tsaya, tanki ya ƙafe, sai ƙarfin ruwan ya mutu.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Duk wanda ya taɓa zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo ya san da zarar an ja, man zai yi ta bi da kansa. Haka bututu yake yi. Ruwan da ya rage a ciki sai ya gangara wajen gidajen da ke kwari, ya bar zuƙa a bayansa. In an bar bakin tiyo a nutse cikin kwamin shanu, famfo kuma a buɗe, sai ruwan kwamin ya koma cikin bututu, da yawu da kashin shanu da komai. In ma duro ne da aka dama maganin kaska a ciki, shi zai sha. Inda bututu ya tsage a cikin kwata ko ruwan ambaliya, irin wadda ta ci unguwannin Njamena a 2022 da 2024, nan ma ƙazanta na samun ƙofa. Da wuta ta dawo, sai inji ya turo wannan ruwa gidajen jama'a da masallatai.

Abin ba wasa ba ne. A 2011 kwalara ta kama mutum fiye da 17,000 a Cadi, kuma gurɓataccen ruwa ne babbar hanyarta. Maganin kaska kuwa dafi ne, tafasawa ba ta kashe shi.

Ga abin da ya kamata kowane mai zango ya yi:

1. Kada bakin tiyo ya taɓa ruwan kwami ko na duro. A ɗaure shi a jikin itace, ruwa ya riƙa zubowa daga sama. Ƙa'idar masu aikin famfo ita ce tazarar ta kai faɗin bakin bututun sau biyu. A bar taƙi guda, an huta.

2. Da ruwa ya ɗauke, a rufe famfo, a cire tiyo. Yaran da ke kwana da shanu su ne za a fi nanata wa wannan.

3. A sa mai gyaran famfo ya ɗaura bawul mai hanya ɗaya, wanda ke barin ruwa ya shigo amma ba ya barinsa ya koma. Sai dai yashi kan hana shi rufuwa, don haka a riƙa dubawa.

4. Kada a haɗa bututun rijiyar gida da na gari, kuma kada a ɗaura injin zuƙo kai tsaye a bututun gari.

5. In ruwa ya dawo, a bar shi ya zuba har ya washe. Na sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. In ana jin warin magani, ruwa ba ya tsami banza: kada mutum ko dabba su sha, a sanar da mai unguwa da ma'aikatan ruwa.

Jama'a, mu baƙi ne a unguwar mutane, sun ba mu wuri, sun ba mu ruwa. Ranar da aka gano cewa daga kwaminmu ciwo ya shiga gidajensu, ranar zango zai tashi. Shugabannin kara su karanta wa waɗanda ba su samu gani ba. Allah ya kiyaye mu da dukiyarmu, amin.