Hazo a tsohon gilashin kyamara: wanda ke goguwa da wanda ba ya goguwa

Masu ɗaukar hoto da bidiyo sun farfaɗo da kasuwar tsofaffin gilasan kyamara. Helios-44-2 na zamanin Tarayyar Sobiyet, misali, da ƙaramar adafta ake ɗaura shi a kan kyamarar zamani, ya murɗa bayan hoto yadda manhajar waya ba ta iyawa. Sai dai gilashin da ya shekara 40 ko 50 ba ya rasa ciwo, kuma ba kowane ciwo ke da magani ba.

Gwajin farko yana cikin aljihu. Kafin a biya kuɗi, a buɗe ƙofar hasken gilashin gaba ɗaya, a haska tocilar waya ta baya, a duba ta gaba a ɗan karkace.

Idan aka ga farin hazo kamar numfashi a kan madubi, galibi giris ɗin ciki ne ya yi tururi ya kwanta a kan gilashi. Hoto kan fito fari-fari, musamman idan aka fuskanci rana. Mai gyara zai iya kwance shi ya goge. Amma idan hazon yana tsakanin gilasai biyu da aka manne da gam, goge-goge ba zai kai wurin ba. Zare-zare kamar saƙar gizo kuwa fumfuna ce, idan ta daɗe tana cinye shafin gilashin.

Wannan shafin shi ne ke sa fuskar gilashi ƙyallin shuɗi ko ruwan goro. Alexander Smakula na kamfanin Zeiss ya ƙirƙiro shi a 1935, domin kowace fuskar gilashi marar shafi tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske. Shafin farko-farko yana da laushi, kuma idan ya kankare ba a mayar da shi a gida. Abin da ya fi kashe shi hannun mai shi ne: ƙurar hunturu a kan gilashi, a bi ta da gefen riga, kamar an goga yashi ne. Ka'idar ita ce a fara hure ƙurar da abin hura iska, sannan a ɗiga ruwan goge gilashi a kan ƙyalle mai laushi, ba a kan gilashin ba.

Akwai kuma abin da ke tsorata mai saye a banza. Super-Takumar 50mm f/1.4 na Japan yakan koma rawaya saboda sinadarin toriyam da ke cikin gilashinsa, kuma hasken UV na kwanaki yana rage launin. 'Yar karce a gaba ma da wuya ta fito a hoto, hular tare rana tana rage illarta. Karce a gilashin baya ko hazo mai kauri ne ya kamata su karya farashi.

Da damina, a ajiye gilashi a mazubi mai murfi tare da ƙunshin silika irin na kwalin sabon takalmi. Jakar fata mai duhu da laima gidan fumfuna ce.