In intanet ta tsaya a wayarku: abin dubawa kafin a nufi mai gyara

Yau a ƙasarmu Nijar rabin ciniki a cikin wayar salula ake yin shi. Mai albasa a Galmi yana aika hoton buhuna zuwa Kwatano, mai atamfa a kasuwar Dole ta Damagaram tana nuna sabbin zannuwa ta WhatsApp, ɗan kasuwar Katako ko Wadata a Yamai yana jin farashin kaya daga Maraɗi kafin mota ta taso. Saboda haka ranar da intanet ta tsaya, ciniki ne ya tsaya: mai saye ya gaji da jira ya koma wurin wani, kuɗin da aka ce an turo ba a san inda suka kwana ba.

Da yawa daga cikinmu, da zarar haka ta faru, sai su ce waya ta lalace, su kai wa mai gyara, a caje su jaka ɗaya ko biyu a kan abin da ɗan yatsa ke gyarawa. Gaskiyar magana ita ce, sau da yawa wayar lafiyarta lau. Abin da ake bukata shi ne a bi abin daki-daki, a fara da wanda ba ya cin ko dala.

Fara da forfe

Kiredi dabam, forfe dabam. Mutum yana iya kira da kiredinsa alhali megan da ya saya sun ƙare. Kuma forfe yana da wa'adi: akwai na yini, na mako, na wata, akwai ma na dare kaɗai. In wa'adi ya cika, ko da saura mega, sai ya mutu, sai fa in ƙa'idar kamfani ta yarda a ɗora ragowar bisa sabo. Kamfanoni huɗu ne ke aiki a ƙasar nan: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom wanda ya gaji Orange, da Niger Telecom wanda aka kafa a 2016 bayan an haɗe Sonitel da SahelCom. Kowane yana da lambar da ake dannawa a ga abin da ya rage. Ku tambayi mai sayar da kiredin unguwarku, ku rubuta ta a littafin bashi, tunda shi ba ya ɓata.

In kun ga forfe yana ƙarewa da wuri, ku binciki ɓarayin cikin gida. Giga ɗaya kimanin mega 1000 ne. Saƙon rubutu kusan ba ya cin komi, saƙon murya kaɗan yake ci, amma bidiyon TikTok da Facebook da na rukunonin WhatsApp su ne gara. WhatsApp yana sauke hotuna da kansa in ba a hana shi ba, Play Store shi ma yana sabunta abubuwan waya a ɓoye. Sannan akwai yaran gida da ke kunna rabon intanet a wayar uwarsu su yi ta ja da tasu. A sa wanda ya iya ya rufe waɗannan ƙofofin.

Dubi saman waya

Ku ja allon waya daga sama zuwa ƙasa. Akwai alamar kibau biyu, ɗaya ta dubi sama ɗaya ta dubi ƙasa: ita ce ƙofar intanet. In a kashe take, ko giga goma gare ku babu abin da zai shigo. Kusa da ita akwai alamar jirgin sama. In ta kunnu, wataƙila a cikin aljihu ko a bakin zane, to kira da intanet duk sun yanke. Ita wannan alamar kuma magani ce: ku kunna ta da gangan, ku ƙirga zuwa ashirin, ku kashe. Waya za ta saki antan ɗin da ta riƙe ta sake neman wanda ya fi kusa. In bai yi ba, a kashe wayar baki ɗaya a sake kunnawa.

Sai ɗan harafin da ke gefen sandunan rezo. In kun ga E, kuna bisa tsohuwar hanya ta 2G, wadda da ƙyar take ɗaukar rubutu. H ko H+ ko 3G matsakaiciya ce. 4G ko LTE ita ce mai gudu. In babu harafi ko ɗaya, intanet ba ta haɗu ba ke nan.

Mafi yawan wayoyin da ke hannunmu, irin su Tecno da Itel da Infinix, sim biyu suke ɗauka, amma sim ɗaya ne ke jan intanet a lokaci guda. An sha sayen forfe a sim na ɗaya alhali waya tana nema a na biyu, har ta cinye kiredin kira. Ku shiga parametir, wato alamar nan mai kama da haƙoran inji, ku tabbata an zaɓi sim ɗin da ke da forfe. Ku duba kwanan wata da awa ma, don in sun kauce, WhatsApp kan ƙi buɗewa.

Ranar kasuwa da rufin kwano

Akwai abin da ke ɗaure wa mutane kai: sanduna cike, amma hoto ya ƙi tafiya. Sanduna ƙarfin maganar waya da antan kawai suke nunawa, ba su faɗin yawan waɗanda kuke rabawa da su. Antan kamar rijiya ɗaya ce ga gari: ranar kasuwa, ko jajibirin salla, dubban wayoyi ke jefa guga lokaci guda. Dabara ita ce a tura manyan hotuna da sassafe ko bayan isha'i. Wani lokaci in an mayar da waya daga 4G zuwa 3G sai a sami sarari, amma kar a manta a mayar da ita daga baya.

Rumfar kwano, shagon ƙarfe da bangon siminti duk suna rage ƙarfin rezo. Taku goma zuwa bakin titi kan wadatar. Kuma kafin ku zargi wayarku, ku tambayi maƙwabcin rumfa mai irin layinku. In shi ma tasa ta tsaya, matsalar daga can take, babu mai gyaran da zai iya. Antan da lantarki yake aiki. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, batir da janareto kan gaza. Mun ga haka a watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar. Sannan ƙasarmu ba ta da teku, ta ƙasashen gaɓa wayoyin intanet ke iso mana. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama har da Nijar. Irin wannan rana sai haƙuri.

Mutanen bakin iyaka

Fatake masu bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, Ƙonni zuwa Ilela, ko Matamai zuwa Daura, suna da tasu matsalar. Rezo bai san iyaka ba. Waya takan kama antan ɗin Najeriya tun ana cikin ƙasar Nijar, sai harafin R ya fito a sama. Forfen gida ba ya aiki bisa layin waje, sai dai intanet ta tsaya ko kiredi ya zube. Magani shi ne a shiga parametir a zaɓi kamfani da hannu maimakon a bar waya ta zaɓa da kanta. Mai ƙetarawa kullum kuma ya fi masa sauƙi ya riƙe sim na kowace ƙasa, ya riƙa sauyawa.

Sim da wayar da ta zo daga waje

In duk wannan bai yi ba, a kashe waya, a fitar da sim, a goge gefen zinariyar da busasshen ƙyalle, don ƙurar hunturu ba ta bar komi ba. A gwada shi a wata waya. In can ma ya ƙi, sim ɗin ne. A tafi ofishin kamfani da katin ɗan ƙasa a sauya shi, lambarku tana nan. Tsohon sim da aka yi kafin zuwan 4G shi ma sai an sauya shi.

In kuwa sim ya yi aiki a wata wayar, to a dubi abin da ake kira APN, wato adireshin da waya ke bi ta shiga intanet ɗin kamfani. Wayoyin da aka sayo daga Kano, Dubai ko Sin, da na hannu masu zuwa daga Turai, sukan zo ba tare da shi ba, wasu ma a kulle suke bisa layin ƙasar da suka fito. Ma'aikatan ofishin kamfani suna saka APN cikin ɗan lokaci. Shi ya sa kafin ku biya kuɗin waya, ku saka sim ɗinku ku ga hoto ya tafi. Gani ya kori ji.

Kar rezo ya zama mayafin ɓarawo

Nan ne asara ta fi yawa. Mai saye ya ce ya tura kuɗi, rezo ne ya riƙe saƙo, ya nuna hoto a wayarsa. Hajiya, kar kaya su bar rumfa sai kin ga kuɗin a asusunki da idonki. Ko intanet ta tsaya, lambobin nan masu farawa da tauraro suna aiki muddin ana iya kira, da su za a duba asusun kuɗin waya. Haka kuma in wani ya kira ya ce daga kamfani yake, zai gyara muku intanet, ku karanta masa lambar da ta shigo, to ku kashe wayar. Da wannan lamba ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum a bi abokan cinikinsa ana roƙon kuɗi da sunansa. Babu gyaran da ke bukatar lambar sirrinku.

Wanda kamfani bai share masa hawaye ba yana iya kai kuka ga ARCEP, hukumar da ke sa ido bisa kamfanonin sadarwa. Mai gyara kuwa shi ne na ƙarshe, sai in waya ta faɗi ko ta sha ruwa, ko an gwada sim biyu duk ta ƙi. Ko shi ma, ku cire sim ɗinku kafin ku miƙa. Allah shi ba da kasuwa mai albarka.