Waya da Gishirin Miya

Gusau ita ce babban birnin Jihar Zamfara. Tsafe tana kan hanyar Funtuwa, Bunguɗu kuwa tana kan hanyar Sakkwato. A garuruwan nan uku da wuya a shiga kasuwa ba a ga mutum riƙe da wayar hannu ba.

A farkon watan Satumba na 2021, hukuma ta tsai da aikin waya a jihar duka, domin a hana ɓarayin daji samun labari. Ba kira, ba saƙo, ba intanet. Mutane suka sha wuya ƙwarai. Ɗan kasuwa ya kasa aika kuɗi, uwa ta kasa jin lafiyar ɗanta da ke nesa. Wasu har sai sun yi tafiya zuwa wata jiha kafin su yi kira ɗaya. A Gusau waya ta dawo ran 1 ga Oktoba, sauran garuruwa kuwa suka ƙara jira.

Wannan ya nuna inda amfanin waya ya ke, watau kira da ciniki da sada zumunci. Amma akwai wani aiki nata mai cin lokaci, shi ne yawan duban Facebook da TikTok da irinsu. Masu waɗannan dandali da talla su ke samun kuɗi, saboda haka sun shirya su yadda in hoto ya wuce wani zai biyo, ba iyaka. Yaro ya ce zai duba kaɗan, kafin ya ankara dare ya raba.

To, likitoci sun ce yaro ɗan makarantar firamare yana bukatar barcin sa'a 9 zuwa 12. Hasken waya da dare yakan kori barci. Wanda bai yi barci sosai ba, da safe sai gyangyaɗi a aji, Malam na bayani, shi kuwa bai ji kome ba. Har wa yau, yawan zama wuri ɗaya yakan sa jiki ya yi nauyi. Don irin wannan ne a 2024 ƙasar Ostareliya ta kafa dokar hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 shiga dandalin nan.

Maganin abin ba wuya. Yaro mai hankali yakan ajiye waya lokacin cin abinci da lokacin karatu. Bayan sallar lisha ya kai ta ɗakin iyayensa ta kwana can. Da la'asar ya fita a yi langa ko ƙwallo, ko ya je gai da kakarsa, ta yi masa tatsuniya.

Waya kamar gishiri ta ke. Kaɗan ya gyara miya, in ya yi yawa ba mai iya shanta.