Arewa: abin da ke sa miki ya ruɓe bayan aikin ciki

A gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, da zarar an fito da majinyaci daga ɗakin tiyata sai dangi su shiga barka. Amma masana kiwon lafiya suna ƙirga kwana 30 bayan aiki a matsayin lokacin da ƙwayoyin cuta ke iya kama mikin, kuma galibin waɗannan kwanaki a gida ake yin su.

A 2016, Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce kashi 11 cikin ɗari na waɗanda ake yi wa aiki a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna gamuwa da wannan matsala. A Afirka, abin yana kai wa kashi 20 cikin ɗari ga matan da aka ciro wa jariri ta hanyar tiyata.

Babban haɗari shi ne jinkiri. Idan masassarar taifot ta huda hanji, ko ƙaba ta shaƙe, ƙazanta na bazuwa cikin ciki. Majinyacin da ya kwana biyu yana shan jiƙe-jiƙe a ƙauyukan Matankari ko Gesheme kafin a kawo shi likita, mikinsa ya fi saurin ruɓewa. Haka ma mace mai doguwar naƙuda wadda faya ta daɗe da fashewa, ko da yake tun 2005 gwamnatin Nijar ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta. Ciwon sukari, ƙarancin jini, tamowa da shan taba su ma suna hana miki haɗewa.

A ɓangaren likita, OMS ta ba da shawarar majinyaci ya yi wanka da sabulu, kada a aske wurin da reza, sannan a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 120 kafin a soma yanka. Ci gaba da shan sa barkatai bayan aiki ba ya ƙara kariya.

Sauran aikin na gida ne. A wanke hannu da sabulu kafin a kusanci mikin, kada a zuba masa toka, garin magani ko man shanu, a kuma je wankin miki a CSI ranar da aka tsayar. Mai jego ta dakata da daka da jan ruwa a rijiya har sai lokotoro ya yarda. Wake, ƙwai, nono da nama suna taimaka wa tsoka ta haɗe.

Idan wurin ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da mugunya ko wari, ko masassara ta taso, a koma likita a ranar. Mikin da aka gano da wuri, sau da yawa buɗewa da wankewa sun ishe shi. Wanda aka bari yana iya tsagewa, har a sake aiki.