Ƙwaron Ligus a Gonakin Audugar Amurka: Yadda Ake Fama da Ƙwaron da Magani Ya Daina Ci

Ligus ƙaramin ƙwaro ne da tsawonsa bai wuce milimita 6 ba, launinsa ruwan ƙasa mai dabbare-dabbare, da wani zane rawaya mai kusurwa uku a gadon bayansa. Masana suna kiransa Lygus lineolaris. Danginsu ɗaya da kuɗin cizo ta wajen halitta, domin shi ma ba ya tauna, sai dai ya soka bakinsa mai kama da allura ya tsotsa. A yau shi ne ƙwaron da ya fi cin kuɗin manoman auduga a kwarin kogin Misisipi na Amurka, wato ƙasar da ake kira Delta a jihohin Misisipi da Akansas da Luwiziyana, har zuwa yammacin Tenesi da kudu maso gabashin Mizuri.

Ɓarnarsa ta fi yawa a kan tohon fure. Idan ya soka baki sai ya zuba yawu mai narkar da naman tsiro, ya tsotse ruwan. Ƙaramin toho yakan bushe ya faɗi cikin kwanaki kaɗan. Wanda ya ɗan girma yakan tsira, amma furensa ya buɗe da baƙin tabo a ciki, barbara ta ragu. Ƙwallon audugar da aka soka tun yana ɗanye yakan karkace, zarensa ya yi dauɗa. Shukar da ta zubar da tohonta na fari takan mayar da ƙarfinta wajen yin tsawo da ganye, sai nuna ta yi jinkiri, manomi ya ƙara makonni yana tsaron gonar da ya kamata a ce ta kusa tsinka.

Macen tana cusa ƙwanta a cikin kara ko jijiyar ganye, inda feshi ba ya kaiwa. Bayan kamar mako guda ƙwan ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan kore ne, ba fiffike, suna kama da darɓa sai dai sun fi ta gudu nesa ba kusa ba, kuma sukan yi saɓa sau biyar kafin su balaga. A lokacin zafi wata guda ya ishi ƙwai ya zama uwa, don haka ana samun zuriya da yawa a shekara. Manyan sukan shafe sanyi a ɓoye cikin busassun ganye da ciyayin bakin gona. Abin da ya fi wahalar da manomi shi ne rashin zaɓen abincin ƙwaron: an lissafa tsirrai fiye da 300 da yake ci. Daga watan Fabrairu zuwa Mayu yana hayayyafa a kan ciyayi masu fure a bakin hanya da magudanan ruwa. Idan sun bushe ya koma masara lokacin da take fitar da gemu, idan gemun ya bushe ya kwararo cikin auduga, daidai lokacin da take toho.

Can baya ligus ba shi ne abin tsoro ba. Manyan abokan gaba biyu ne: wani ƙwaro mai dogon baki, Anthonomus grandis, wanda ya shigo daga Meziko a shekarun 1890 ya durƙusar da noman auduga a kudancin Amurka, sai kuma tsutsotsin da ke huda ƙwallon auduga. Feshin da ake yi wa waɗannan biyu yana kashe ligus ba tare da an nufe shi ba. A 1978 aka fara shirin kawar da mai dogon bakin daga jihohin Bajiniya da Karolina ta Arewa, aka bi shi jiha jiha har aka kusa ganin bayansa. A 1996 kuma aka fito da audugar Bt, wadda aka sa mata ƙwayar halittar wata bakteriya da ke kashe tsutsa. Feshi ya ragu ƙwarai, ligus kuwa gubar Bt ta wancan lokaci ba ta taɓa shi, sai ya samu fili. Irin haka ta faru a arewacin Sin, inda wani bincike da mujallar Science ta buga a 2010 ya nuna dangin wannan ƙwaro sun yawaita bayan audugar Bt ta bazu. Nijeriya ta amince da noman audugar Bt a 2018, saboda haka labarin ya shafi masu noma ta a Funtuwa da Gusau, ko da yake ƙwarin da ke tsotsar auduga a can wasu jinsuna ne daban.

Kafin ma audugar Bt ta fito, maganin feshi ya fara gazawa a kan ligus. A farkon shekarun 1990, Gordon Snodgrass, masanin ƙwari a cibiyar binciken ma'aikatar gona ta Amurka da ke Stoneville a Misisipi, ya tabbatar da cewa ligus na Delta ya soma jure wa magungunan rukunin fairitiroid. Hanyar gwajinsa mai sauƙi ce: a shafe cikin ƙananan kwalabe da magani gwargwado daban-daban, a zuba ƙwarin da aka kamo daga gona, a ƙirga waɗanda suka mutu. Manoma suka koma kan rukunin oganofosfet, musamman asifet, wanda ake sayarwa da sunan Orthene. Zuwa tsakiyar shekarun 2000 shi ma ƙarfinsa ya ragu. A shekarun da ƙwaron ya yi yawa, akwai gonakin Delta da aka yi wa feshi sau goma ko fiye saboda shi kaɗai.

Juriyar ba wai ƙwaro ɗaya ne ke sabawa da guba a hankali ba. A cikin dubban ƙwari akwai 'yan kaɗan da aka haifa da sinadaran jiki masu yawa da ke farfasa gubar kafin ta kai ga jijiya. Feshi ya kashe sauran ya bar su, su haihu, 'ya'yansu su gaje su. Kowane feshi tankaɗe ne, kuma abin da ya rage a rariya shi ne iri na gaba. Gwaje-gwajen Delta sun nuna cewa ƙwarin da aka kama a ƙarshen damina sun fi na farkon shekara taurin kai, domin sun fito ne daga zuriyar da ta sha feshi wata da watanni. Da yake sinadari ɗaya na iya farfasa guba fiye da ɗaya, canza sunan da ke jikin galan ba ya wadatarwa idan magungunan aikinsu iri ɗaya ne.

Saboda haka malaman gona na jami'o'in yankin suka sa ƙidaya a gaban feshi. Kafin fure ana amfani da ragar kamu mai faɗin baki inci 15, ana kaɗa ta a saman shuka ana tafiya. A ƙa'idar Misisipi, a makonni biyu na farkon toho ana feshi ne idan an kama ƙwari 8 a kaɗawa 100, daga mako na uku kuma sai sun kai 15. Ana haɗawa da duba tohon kansa: muddin shuka tana riƙe da kashi 80 cikin 100 na tohonta na sama, ba ta cikin haɗari. Da fure ya buɗe, 'ya'yan ƙwaron sun fi yawa kuma suna can cikin duhun ganye, sai a koma ga baƙin ƙyalle da ake shimfiɗawa tsakanin kunya biyu a girgiza shuka a kansa. An zaɓi baƙi ne don korayen 'ya'yan su fito fili. Ƙwari 3 a tsawon ƙafa 5 na kunya shi ne haddi. Akwai kuma ranar dainawa: idan shuka ta kai ƙarshen furenta kuma ƙwallayen ƙarshe da za a tsinka sun yi tauri, bakin ƙwaron ba ya iya huda su, feshi daga nan asarar kuɗi ne da ƙarin horar da ƙwaro.

Idan feshi ya wajaba, ana jujjuya rukuni. Kwamitin IRAC na masana'antun maganin ƙwari ya ba kowane rukuni lamba bisa inda yake kama ƙwaro, kuma ana buga lambar a jikin galan: asifet da dikrotofos 1B, fairitiroid 3A, niyonikotinoid 4A, salfoksaflo 4C, nobaluron 15, flonikamid 29. Tsarin da aka saba a Delta shi ne a fara da niyonikotinoid kafin fure, a ajiye oganofosfet sai tsakiya da ƙarshen damina, domin fara su da wuri yana kashe ƙwarin da ke cin darɓa da mitsitsin gizo-gizon ganye, sai a gyara ɗaya a ɓata biyu. Nobaluron, wanda ake sayarwa da sunan Diamond, ba ya kashe manya, yana hana 'ya'ya yin saɓa ne, don haka ana sa shi daidai lokacin da manya suka shigo suka fara zuba ƙwai. Lokacin da ƙwari ke kwararowa daga masara, akan yi feshi biyu kwana huɗu ko biyar tsakani, don a tarar da waɗanda suka ƙyanƙyashe bayan na farko.

Salfoksaflo, mai sunan kasuwa Transform, ya zama abin dogaro tun da hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi masa rajista a 2013. A 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke rajistar, bayan masu kiwon zuma sun kai ƙara cewa ba a yi isasshen bincike kan illarsa ga ƙudan zuma ba. Manoman auduga suka yi ta amfani da shi da izinin gaggawa na shekara-shekara har aka maido da rajistarsa ta auduga a 2019. Waɗannan shekaru sun nuna yadda magungunan da ke aiki suka yi ƙaranci, ta yadda hukuncin kotu ɗaya ya isa ya girgiza noman yanki guda.

Mafi yawan abin da ke rage feshi ana yanke shi ne tun kafin a ɗauko injin feshi. Shuka da wuri da zaɓen iri mai saurin nuna suna sa auduga ta gama furenta kafin ƙwarin su kai ganiyarsu a watan Agusta. Takin naitirojin da ya wuce kima yana sa shuka ta yi tsawo da duhu, abin da ƙwaron ke so, kuma feshi ba ya ratsa ta. Irin da ganyensa ke da gashi ya fi mai santsi jurewa, haka ma irin da ba shi da gurbin zaƙi a ganye. Haɗa gonakin auduga wuri guda, nesa da masara, yana rage tsawon iyakar da ƙwari ke tsallakowa. Snodgrass da abokan aikinsa sun kuma gwada kashe ciyayi masu faɗin ganye a bakin gonaki da hanyoyi tun farkon shekara a faɗin yanki, suka ga ƙwarin da ke shiga auduga sun ragu. Wannan dabara tana da tangarɗa biyu: ba ta aiki sai maƙwabta sun yi tare, kuma ciyayin nan su ne abincin ƙudan zuma a lokacin da babu wani fure.

Abokan gabar ƙwaron na halitta ba su taka rawar da aka so ba a kudu. Wani ɗan ƙaramin zanzaro da aka kawo daga Turai, Peristenus digoneutis, ya rage ligus a gonakin ciyawar dabbobi na arewa maso gabashin Amurka, amma bai zauna a ƙasar auduga mai zafi ba.

Sabon abu shi ne audugar ThryvOn ta kamfanin Bayer, wadda ta shiga kasuwa sosai a 2023. Tana ɗauke da wani furotin na Bt da aka gyara, kuma ita ce audugar Bt ta farko da aka yi domin ƙwari masu tsotsa. Ba ta share ligus yadda Bt na 1996 ya share tsutsa. Tana rage yawan 'ya'ya, tana jinkirta girmansu, manya kuma ba su cika son zama a kanta ba, sai adadin feshi ya ragu. Malaman gona na Delta sun bar haddin feshi yadda yake a gonakin da aka shuka ta, kuma masu duba gona suna ci gaba da shiga da raga da baƙin ƙyalle sau ɗaya ko biyu a mako daga farkon toho har ƙwallayen ƙarshe su yi tauri.